Abin da aka tattauna kan koya wa yara magana a kan doki

An yi tattaunawa kan amfani da hawan doki wajen taimaka wa yara masu matsalar magana. Na tattaro abin da mutane suka faɗa don waɗanda ba su bi ba:

1. Kusan kowa ya yarda ba dokin ne ke koyarwa ba, ƙwararren mai gyaran magana ne, dokin taimako kawai yake. Tafiyarsa tana juya ƙugun yaro kamar shi ne ke takawa, sai bayansa ya miƙe, numfashi ya daidaita, murya ta fi fita.

2. Masu ’ya’ya da lalurar galahanga da ke zaune a Amurka da Jamus sun ce abin da ya fi burge su shi ne yaron da ba ya tankawa a ɗaki, amma sai ya buɗe baki don doki ya tashi, tunda ba za a ja linzami ba sai ya furta.

3. Inda aka rabu: wasu na ganin kuɗin ya yi yawa kuma inshora ba kasafai take biya ba, gara a ƙara zama da likita.

4. Hular kwano dole, mutum ɗaya na jan doki, mutum biyu a gefen yaron, sannan a fara jin ta bakin likita.

5. Masu cewa a gwada da dokin hawan sallah, don Allah a'a, wannan sukuwa ya sani.