Taƙaitaccen abin da aka faɗa kan neman likitan asibiti

Jama'a, ga abin da na tattaro daga tattaunawar da aka yi kan abin da ya kamata a duba kafin a zaɓi likitan asibiti.

1. Baki ya zo ɗaya: a fara duba sunan likita a rajistar hukumar da ke ba da lasisi, a ga fannin da ya ƙware.

2. Inshorar lafiya aka fi daɗewa a kai. Asibiti na iya karɓar katin inshorarka, amma shi likitan ba ya cikin tsarin inshorar. A kira kamfanin, a ji ko sai da takardar turawa ko izininsu kafin tiyata, a rubuta ranar da sunan wanda ya amsa. Wannan kam kada a yi sakaci da shi.

3. Kan sharhin da mutane ke rubutawa game da likitoci a intanet an rabu. Wasu sun yarda da shi, wasu suka ce gara a tambayi nas-nas.

4. A tambayi ranakun da likitan yake duba marasa lafiya.