Ƙawata da abokin mijina sun rabu, kowa na neman labarin ɗaya a bakina

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci.

Ƙawata ce tun muna sakandare. Mijinta, ko in ce tsohon mijinta, abokin maigidana ne na ƙut da ƙut. A falonmu suka fara ganin juna, ni na ba shi lambarta. Shekara 11 suna tare, yara uku. Yau wata takwas da mutuwar auren. Ba duka, ba zagi, ƙananan abubuwa ne suka taru har suka fi ƙarfinsu.

Shi har yanzu yana zuwa wurin maigidana duk ƙarshen mako. Ita kuma takan kira ni da dare, wani lokaci mu kai ƙarfe ɗaya tana kuka. Duk wannan ban ƙi ba. Tambayoyin ne suka dame ni. Shi sai ya jira maigidana ya tashi, ya rage murya: "Uwargida, an ce ta fara aiki. Wa ke ɗauko yaran daga makaranta?" Ita kuma: "Ke, tsakaninki da Allah, akwai wata ko?" Kuma akwai. Maigidana ya gaya min.

Watan jiya na sa hoton ranar haihuwar ɗana a WhatsApp. Ban lura ba, ashe tsohon mijin nata ya fito a gefen hoton riƙe da autarsu. Ta gani, ta turo min "Hmm" kawai. Sati biyu ba ta ɗaga wayata ba. Ya zan yi? Ba na son rasa ko ɗaya.

Wadda Ta Gani:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na taɓa zama a kujerar ƙawarki, shekara huɗu da suka wuce. Ban ji haushin waɗanda suka ci gaba da gaisawa da shi ba, ni na aure shi, ba su ba. Wadda ta ƙona min rai ita ce wadda na yi wa kuka ranar Talata, ranar Alhamis ya kira ni yana maimaita maganata da kalmomin da na faɗa. Tun daga ranar sai gaisuwa tsakanina da ita.

"Hmm" ɗin nan ba fushi da ke ba ne. Ta ga 'yarta a falon da ta saba zama, ana dariya babu ita. Ki je gidanta da ƙafarki, ki ce kin yi kuskure da ba ki duba hoton ba. Kada ki tsaya kare kanki.

Baban Yara:
Hajiya, ki fara da maigidanki. Shi ya ɗora miki kayan da ba naki ba da ya gaya miki zancen wata. Ku zauna ku yanke: abin da abokinsa ya faɗa masa ya tsaya a wurinsa, abin da ƙawarki ta faɗa miki ya tsaya a wurinki. Shi kuma mutumin, in ya sake rage murya, ki amsa da ƙarfi: "Ai kana da lambarta, uwar 'ya'yanka ce, kira ta." Sau biyu za ki yi, zai daina. Maganar ɗauko yara daga makaranta tasu ce su biyu, kuma in ta bi ta bakin mutum na uku sai ta canza kama kafin ta isa.

Mai Gaskiya Ɗaya:
Ni ban yarda da shirun nan gaba ɗaya ba. Ta tambaye ki tsakaninki da Allah. In kika ce ba ki sani ba, ƙarya kika yi, kuma ranar da ta gano kin sani, zumuncin ya ƙare. Ki ce mata: "Ba na kai masa naki, ba zan kawo miki nasa ba." Za ta fahimci abin da za ta fahimta, amma ba ki yaudare ta ba. Sannan maigidanki ya matsa wa abokinsa ya gaya mata da kansa kafin ta ji a bakin yara. Da a ce dukanta yake yi, da ban ce ki tsaya a tsakiya ba sam.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Jiya na je gidanta. Ta bar ni a tsaye bakin ƙofa kamar minti ɗaya kafin ta ce in shigo. Ba ta yi tambayar ba, ni ma ban taɓo ta ba, kayan makarantar yara muka yi ta ninkewa har magariba. Asabar mai zuwa zai zo, maigidana ya ce zai yi masa magana.