Wayata ta hana ni natsuwa, yaya kuke yi da taku?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 19 a kan keke. Jiya na ƙirga, zaurukan WhatsApp 14 nake ciki: na dangin Baba, na dangin Inna, na unguwa, na 'yan ajinmu na firamare, na ƙungiyar teloli, da sauransu. Kafin in dawo daga masallacin Asuba saƙo ya haura 300.

Abin da ya sa na rubuto shi ne daren Laraba. Wajen ƙarfe 11 wani ya turo bidiyon gidaje na ci da wuta, ya ce ƙauyen su mahaifiyata ne a yankin Funtua. Na yi ta kiran ƙanena, layi a kashe. Ban runtsa ba. Da safe ya kira ni, ashe caji ne ya ƙare masa, gari lafiya lau, bidiyon ma tsoho ne na wani wuri daban. Da wannan kan na shiga shago, na ɗora almakashi a kan shaddar wani bawan Allah yadi biyar, na yanka da awon wani. Sai da na biya.

Ba na son yanke zumunci, kuma a wayar nan masu ɗinki ke nemana. Amma wallahi ko a sujada sai in ji kamar tana motsi a aljihu. Ku ba ni shawara.

Mai Gyara, Farm Centre:
Wa alaikumussalam, Yallaɓai. Fara da kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye, yana cikin saitin data na WhatsApp. Bidiyon da ba ka taɓa ba, ba ka gan shi ba, ga kuma sauƙin data tunda an ƙara kuɗinta a 2025. Zaurukan kuma ka toshe musu ƙara, ba wanda zai san ka yi. Sannan ka sayi 'yar ƙaramar waya mai tocila, ka ba Inna da masu ɗinki lambar.

Maman Ilham:
Ɗana, sannu. Ni langa na samu mai murfi. Ana kiran Magariba kowa a gidana ya jefa wayarsa ciki, har Alhaji, ba a buɗewa sai an idar da Isha an ci tuwo. Makon farko yara sun yi ta kumbure-kumbure. Yanzu a wannan lokacin autata ke biya min haddarta, har ina jin ƙarar fanka, abin da na manta yana da sauti. Labarai kuwa, shirin safe na BBC Hausa ya ishe ni.

Ɗan Tsafe:
Hajiya, da girmanki, amma mu nan ba za mu iya rufe waya a langa ba. A zauren direbobi nake jin ko hanyar Gusau ta buɗe kafin in ɗauki fasinja. Abin da na yi, na bar wannan ɗaya, na fita daga bakwai. Kuma mun kafa doka: wanda zai turo labari ya faɗi wuri da lokaci da wanda ya gani da idonsa, in babu a goge.

Telan Fagge:
Na gode ƙwarai. Na kashe saukar bidiyon yanzun nan. Malam Ɗan Tsafe, Allah Ya tsare hanya. Dokar taku nake son kai wa zauren dangin Inna, sai dai wanda ya turo bidiyon kawuna ne. Da wane baki zan fara?