Wace kalma za mu ba "depreciation" a lissafin kadarorin gwamnati?

Mai tambaya: Jama'a, a taimaka da kalma. Tun 2016 da Najeriya ta fara aiki da tsarin IPSAS (ƙa'idojin duniya na lissafin kuɗin gwamnati) mai ƙidaya kadara da bashi, gini da mota da janareta na gwamnati duk sai sun shiga littafi da ƙimarsu. A da, ana biyan ɗan kwangila an gama, ginin ya ɓace daga lissafi. Yanzu kuwa, a ce an gina asibiti kan Naira miliyan 100, aka ƙiyasta zai yi shekara 50 yana aiki, to kowace shekara akanta zai cire miliyan 2 daga ƙimarsa. Wannan cirewar ce nake nema wa suna. Na ji 'yan jarida na cewa "faɗuwar daraja".

Malamar Hausa: Malam, "faɗuwar daraja" ta riga ta zama ta Naira. Mai sauraro na ji zai ɗauka kasuwa ce ta karye, alhali nan ko farashin gidaje ya ninka a unguwar, akanta na nan yana cire miliyan 2 ɗinsa. Ni "raguwar ƙima" na fi so.

Akantan ƙaramar hukuma: Hajiya, raguwa ta yi faɗi. Muna da wani abu daban: gobara ta ci rufi, ko a yi watsi da gini kamar tsohuwar Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi bayan gwamnati ta koma Abuja a 1991. Wannan sai an tura masu ƙiyasin kadara sun duba, a zabtare a lokaci guda. Shi ma raguwa ne. Na shekara-shekara kuwa a hankali yake ci, ko jiya aka yi wa ginin fenti. Ku gwada "zaizayar ƙima".

Malamar Hausa: Ta zauna a kunne, don kowa ya san zaizayar ƙasa. Abin dariyar shi ne, a littafinku filin da ginin ke kai ne kaɗai ba ya zaizayewa!

Akantan ƙaramar hukuma: Wallahi haka ne, fili ba a cire masa komai.

Mai tambaya: To na ɗauki "zaizayar ƙima" ga na shekara-shekara, "tawayar ƙima" ga na gobara da watsi. Mutanenmu na Nijar, ku da kuke aiki da kalmar Faransanci "amortissement", me kuke cewa a Maraɗi da Damagaram?