Muryata na karyewa tun da na iso Vienna, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum. Makona biyar ke nan a Vienna, babban birnin Ostiriya, inda na zo karatun waƙa na zango guda, daga Oktoba zuwa ƙarshen Janairu. Muryata tena ce, wato siririyar muryar maza. A gida ina hawa sama lafiya lau, amma a nan da zarar na kai gaɓar da murya ke tashi daga ƙirji zuwa ka, wajen sautukan waƙa da ake kira "fa" da "sol", sai ta tsinke kamar an yanke zare.

Abin ya fara ne satin da aka kunna na'urar ɗumama ɗaki. Kullum ina farkawa maƙogwarona a bushe ƙayau, ya fi na lokacin hunturu a gida. Ina shan ruwa lita 2 a rana, ina turara fuskata da tururin ruwan zafi, ga zuma da citta, har jiƙaƙƙen tawul nake shanyawa a ɗakin. Sauƙin kaɗan ne. Abin ya fi tsanani a waƙoƙin Jamusanci, musamman wasalin ü, wanda babu irinsa a Hausa. Ina tsuke leɓe sai maƙogwaron ma ya matse.

Malamata ta ce in rage atisaye zuwa minti 20 sau biyu a rana. Ina bin maganarta, amma hankalina a tashe yake, don a Janairu zan rera a gaban malamai.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan hali: bushewar iska ce, ko ni ke takura muryar? In je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro yanzu, ko in ƙara mako biyu?