Mun fara koyon salsa a gida, ƙafa na rikicewa, gwiwa na ciwo

Baban Ummi, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Shekarata 41. Ni da maiɗakina mun fara koyon rawar salsa a falo don motsa jiki, muna bin bidiyon YouTube. Da kiɗa ya tashi sai ƙafa ta rikice, ga gwiwata ta dama ta fara damuna. Masana, ina muka kuskure?

Anti Ladi, Barnawa:
Wa alaikumus salam. Malam, ƙirge takwas ne a salsa, amma taku shida. A 1 ka jefa ƙafar hagu gaba, a 2 ka mayar da nauyinka kan dama a inda take, a 3 hagu ta dawo. A 4 ba a takawa. A 5 dama ta koma baya, a 6 nauyi kan hagu, a 7 dama ta dawo, 8 kuma hutu. Uwargida akasin haka za ta yi, ita da dama take farawa, baya.

Rikicewar nan kusan kullum daga abu ɗaya take: mutum ya taɓa ƙasa da ƙafa bai ɗora mata nauyi ba, sai ƙafar da ta riga ta taka ta sake fita. Kowane taku, jiki gaba ɗaya ya hau kanta. Kuma ku rage faɗin taku, kada ya wuce tsawon tafin ƙafarku, don mai dogon taku kiɗa ke bari a baya. Ku kashe kiɗan tukuna, ku riƙa ƙirgawa da baki minti 15 kullum har mako guda.

Ɗan Kawo:
Batun gwiwa, duba takalminka. Kambas mai ƙasan roba kama tayil yake yi, jiki ya juya ƙafa ta tsaya, sai gwiwa ta murɗe. Nemi mai ƙasan fata, ko shumeka ya manna maka. A naɗe kafet, a guji siminti mai kaushi. Juyi kan gaban tafin ƙafa ake yi, dunduniya a ɗage kaɗan. In ta kumbura, a dakata a ga likita.

Malam Sabo, Sabon Tasha:
Anti, a gafarce ni, mako guda ba kiɗa ya yi yawa. Kunne ma koyo yake, su sa kiɗa mai sanyi su riƙa neman 1 da tafi.

Wata matsalar kuma bidiyon ne. Akwai salon Los Anjalas da ake jefa ƙafa a 1, akwai na birnin New York da malamin rawa Eddie Torres ya yaɗa, shi a 2 ake jefawa, ga na Kuba da ake zagaye maimakon bin layi. Wanda ya haɗa su dole ya rikice. Ku riƙe na 1 kawai.

Wajen riƙo, hannunka na dama kan allon kafaɗarta, na hagu riƙe da yatsunta ba matsewa. In za ka juya ta, ka ɗaga hannu a 3, ta juya a 5, 6, 7. Nuni ne, ba tuƙin tuwo ba, fizga na iya taɓa mata kafaɗa. In kuka je taron rawa kuwa, tambaya ake yi kafin a kama hannun kowa, kuma ba a yi wa abokin rawa gyara a tsakiyar fili.