Wace Hausa ta dace da "signalling pathway"?

Malamar Bayoloji: Jama'a, ina shirya darasi da Hausa kan yadda gaɓoɓin jiki ke sanin inda girmansu zai tsaya, sai na cije a kan "signalling pathway". Na rubuta "hanyar sigina", ƙanena ya leƙa ya ce ai ya ɗauka zancen sabis ɗin waya nake. Misalina hanta ce: a 1931 Higgins da Anderson sun yanke kashi biyu bisa uku na hantar ɓera, cikin kwana goma ta kusa cike gurbinta, sannan ta tsaya cak. Wa ya ce mata ya isa? Shi nake nema wa suna.

Ɗan Zariya: Malama, "hanyar saƙo" mana. An gama.

Baba Mai Ritaya: Ba a gama ba, ɗana. "Hanya" ɗin ce matsalar, don babu wani titi cikin tantanin halitta. Hannu da hannu ake yi. Duba wadda ake kira Hippo: furotin Hippo ya zaburar da wani furotin, Warts, Warts ya liƙa wa na uku, Yorkie, wani sinadari mai suna fosfet, Yorkie ya maƙale a waje, ya kasa shiga cibiyar tantani ya ce tantani ya ci gaba da rarrabuwa yana yawaita. Kamar umarnin sarki ne, ya sauka wa hakimi, hakimi ya ba dagaci, dagaci ya ba mai unguwa. Ɗaya ya yi barci, magana ta mutu. Mu da muka yi zaure, silsila muke ce wa wannan. Ki sa "silsilar saƙo".

Af, sunan Hippo ma daga dorina ne, wato "hippopotamus" da Turanci. A 2003 aka ga ƙudan da ya rasa wannan furotin kansa ya kumbura, ya yi ninki-ninki kamar fatar dorina. A 2007 kuma aka sakar wa YAP, takwaran Yorkie a jikinmu, linzami a hantar ɓera, girmanta ya kai wajen ninki biyar.

Ɗan Zariya: Na sallama, Baba. To "cell fate" fa, wato irin tantanin da zai zama a ƙarshe, ƙaddarar tantani?

Baba Mai Ritaya: Ƙaddara ta Allah ce, kar ka jawo wa Malama gardama a aji. Kuma wannan tana sauyawa: masanin kimiyya Yamanaka ya mai da tantanin da ya riga ya zama na fata baya, ya koma mai iya zama kowane iri, a 2006. "Makoma" ta ishe mu.

Malamar Bayoloji: Na gode, Baba. Silsilar saƙo da makomar tantani na rubuta. Ranar Litinin zan gwada su a kan 'yan aji biyar.